Da Hannu Ya Fi Haka Tsawo

Ina cikin wata jam'iyya da ba ta da rajista, ba ta da tuta, amma ta fi kowace jam'iyya mabiya daga Tsafe har Bunguɗu: jam'iyyar masu miƙar da hannu. Ba wuya a gane mu. Da saƙo ya shigo waya, sai ka ga mutum ya kai ta can ƙarshen hannunsa, ya ja wuya baya kamar zakaran da ya hangi maciji, ya ƙanƙance ido ɗaya, sannan ya ce hasken wurin ne ba kyau. Ba a shiga jam'iyyarmu da son rai, kana haura shekara 40 ake kawo maka katinka har gida. Mun daɗe da yin ittifaƙi cewa idanunmu lafiya lau suke, hannuwanmu ne suka gajarce. A madadin 'yan jam'iyya na 'Yankuzo, garin da hukumar zaɓe ta raba wa mazaɓu biyu, A da B, kamar allon gwajin ido, nake kawo ƙara guda ɗaya tak: girman rubutu na mai ido ne, ba na shafi ba ne, don haka in mutum ya saita shi sau ɗaya, ya kamata ya zauna daram a duk inda ya shiga cikin wayarsa.

Gaskiyar da ba ma faɗa a taron jam'iyya ita ce, a cikin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi da ke takurewa ya ƙara kauri in za a duba abu na kusa. Yaro ɗan shekara 10 yana iya karanta rubutu a nisan da bai kai taƙi ɗaya ba. Da shekaru suka ja, madubin sai ya yi tauri kamar fatar da ta kwana a rana, wurin da ido ke iya kama rubutu ya riƙa matsawa gaba. Wajen shekara 60 yakan kai kusan mita guda, hannu kuwa bai kai mita ba, ko na ɗan dambe ne. Ba ciwo ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma alhakin kallon bidiyo ba ne kamar yadda matanmu ke zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 mutum biliyan 1.8 ne ke da wannan lalura, kuma sama da miliyan 800 daga cikinsu ba su da gilashin da zai gyara musu. Wato da za mu tsayar da ɗan takara, da mun ci zaɓen duniya, in dai mun iya ganin inda ake dangwalawa.

Kakanninmu ma sun tsufa, amma rubutu bai yi musu wannan wulaƙanci ba. Dubi Alƙur'aninmu na ruwayar Warshu, rubutun hannu: baƙi kato-kato da baƙar tawada, wasali da ja, layi kaɗan a shafi. Dubi allo: in malam ya ga idon dattijo ya yi rauni, sai ya fiƙe alƙalamin kara da faɗi, shi ke nan. Babban abin da takarda ta fi waya da shi, alƙawari. In ka rufe littafi da dare da manyan baƙaƙe, da manyan baƙaƙe za ka same shi da asuba, ba wanda ya taɓa buɗe Ishiriniyarsa ya tarar ta rame cikin dare. Waya kuwa, wadda aka ce ta fi kowa basira, tana tuna lambar mutumin da ka kira sau ɗaya bara, tana tuna takalmin da ka taɓa kallo har ta riƙa bin ka da tallarsa, amma ba ta iya tuna cewa mai ita ba ya ganin ƙananan rubutu.

In ce ba ta tunawa sam, na yi mata ƙazafi. Tana tunawa, amma a wurare barkatai, kowanne da sarkinsa. Wayar kanta tana da saitin girman rubutu, wanda a Android bai wuce kashi 130 cikin 100 ba a wasu wayoyi, sai a 2023 da Android 14 ya fito aka kai shi 200, mu kuwa yawancin Tecno da Itel ɗin da ke aljihunmu sun girmi wannan gyara. WhatsApp yana da nasa saitin daban, ƙarami da matsakaici da babba. Burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ita ma tana da nata, kuma na Chrome daban, na Opera Mini daban. A kwamfuta, in ka danna Ctrl da alamar tarawa rubutu ya ƙaru, burauzar za ta riƙe maka girman a wannan gidan kawai, da ka leƙa maƙwabta sai ka koma tururuwa. Firefox ma sai a 2020 ta ba mutum damar saita girma ɗaya ga dukkan shafuka. A waya kuma akwai zumin na yatsa biyu, wanda ba ya kwana: ka baza shafi har ka fara gane abin da ake ciki, kana taɓa labari na gaba sai ya tsuke kamar bakin jaka. Wasu masu shafin ma ƙulle zumin ɗin suke yi. Akwai madannin da ke karya wannan makulli a Chrome, to amma an ɓoye shi a ƙarƙashin wata kalmar Turanci mai baƙaƙe 13, an kuma rubuta ta da ƙananan rubutu. Sai mai lafiyar ido ke iya gano maganin marar lafiyar ido. Ban san wanda ya shirya wannan ba, amma na tabbata bai kai 30 ba.

A ce ka yi sa'a, wani ɗan makaranta daga Jami'ar Tarayya ta Gusau ya zo hutu, ya zauna ya bi maka ƙofofin nan duka ya buɗe. Kwana nawa za ka yi cikin ni'ima? Waya a garinmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Jika zai ara ya yi wasa, ya ga rubutu ya cika fuskar waya, ya mayar da shi yadda yake so, ya miƙo maka yana dariya: "Tsoho, na gyara maka ita, da ta lalace." Ba dama ka yi fushi, wasan jika da kaka ne. In ta tsira daga jika, ba za ta tsira daga mai shagon caji ba, wanda zai ce ta cika, bari ya share mata datti, ya goge bayanan manhajoji har da saitinka. In ta tsira daga shi, wata rana za ta ƙi tashi, a kai ta Tsafe wurin mai gyara, shi kuwa maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta kamar mai tallar magani a tasha: a yi mata filashin. Za ta dawo garau kamar sabuwa, ta manta da kai ƙaf.

Wani zai ce duk wannan ƙorafin tsofaffi ne, me aka rasa? An rasa ƙugiya, da farko. Hausa ta rataya ma'anoni masu nauyi a kan ɗan lanƙwasan da ke saman ɓ da ɗ da ƙ, wanda a ƙaramin rubutu bai kai ƙafar sauro ba. Mafi yawan masu tura saƙo ma ba sa sa shi, wanda ya wahala ya sa kuma ƙanƙantar rubutu ta cinye masa. Tsakanin "an kai kara gidan hakimi" da "an kai ƙara gidan hakimi" akwai kwanan zullumi guda. Tsakanin "ana jiranka wurin fada" da "ana jiranka wurin faɗa" akwai bambancin babbar riga da gora. Amma ƙugiya abin dariya ce in aka gwada ta da lamba. Tun farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya ɓatar da takardar naira, dattijon da bai taɓa yarda da kuɗin da ba ya iya lasar yatsa ya ƙirga ba ya koma sayar da masara da waken suya ta taransifa. A idon ɗan jam'iyyarmu, 3 da 8 tagwaye ne, 1 da 7 ɗan wa da ɗan ƙane, 5 da 6 kuwa sai an rantse. Masu banki za su ce sun yi tanadi, kuma sun yi: lambar asusu guda 10 ce, ta ƙarshe an sa ta ne don ta kama kuskuren sauran, sannan ana nuna maka sunan mai asusun kafin ka tura. Madalla. Sai dai sunan da ƙananan rubutu yake fitowa, adadin kuɗi kuma ba shi da ɗan sandan da ke gadinsa. Sifiri ɗaya ne tsakanin 5,000 da 50,000, kuma sifiri shi ne abin da ya fi iya ɓuya a cikin 'yan'uwansa. Katin waya da ka tura wa lambar da ba ita ba, sai dai ka yi niyyar sadaka daga baya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta gilashi, kuma ba zan yi mata gardamar banza ba. Tun ƙarshen ƙarni na 13 aka ƙirƙiro shi a Italiya, yana da araha, yana aiki. A wani gwaji da aka buga a 2018, masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya da aka ba gilashin karatu sun ƙara yawan aikinsu da kusan kashi 22 cikin 100. Duk wanda ya haura 40 ya je a auna shi, a Gusau ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko don a tabbatar ba yanar ido ko hawan jinin ido ke tafe a ɓoye ba, domin waɗannan ba girman rubutu ke maganinsu ba. To amma gilashi yana da halinsa. Kullum yana aljihun rigar da ka tuɓe. Shi ne abin da baƙo mai ƙiba ke fara zama a kai. Na faranti da ake saya a kasuwa, wanda ake gwadawa da guntuwar jarida, ƙarfi ɗaya yake ba idanu biyu, alhali sau da yawa kowane ido da ra'ayinsa. Ga kuma mutumin da ya yi sabuwar amarya, ya shafe furfura da baƙin lalle, wa zai sa shi ya rataya shaidar haihuwarsa a hanci? Saƙo ba ya jiran ka nemo gilashi, a kan babur yake zuwa, a gona, a tsakar dare. Gilashi da babban rubutu ba kishiyoyi ba ne, kuma ɗaya daga cikinsu kyauta ne, yana cikin wayar tun daga masana'anta.

Masu cewa a ba yara su karanta kuwa, ina jin ba su da bashi a kansu. "Zo nan, ɗiyana, mi an ka rubuta?" Da wannan tambaya sirrin gidaje da yawa ya fita, domin yaro ba ya karatu a zuci, da ƙarfi yake yi kamar mai shela, a gaban majalisa, har da ragowar kuɗin da ke asusu. Wanda ya saba miƙa wayarsa a karanta masa lambar sirri da banki ya turo, wata rana zai miƙa wa wanda bai kamata ba. Saƙon murya ya rage wahala, na yarda, amma banki ba ya turo alat da murya, katin ɗaurin aure kuma hoto ne, rubutun da ke cikin hoto ba ya bin umarnin kowane saiti. Haka ake samun mai zuwa ɗaurin aure ranar 18 alhali an shafa fatiha tun 13.

Su ma masu gina shafuka suna da nasu kuka: wai in rubutu ya yi girma tsari yana wargajewa. Gaskiya ne, mun gani. Ka ƙara girma, kalma ta hau kalma, madannin turawa ya zame ƙasa ya ɓace, ka cike fom tsaf ka rasa ƙofar fita. Amma wannan laifin tela ne, ba na mai ƙiba ba. Tun 2008 ƙa'idar gina shafuka ta duniya ta ce a yi su yadda rubutu zai iya ninkawa biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Wanda ya ɗinka shafin rajista ko na banki da ke yagewa da an ja shi kaɗan, ya ɗinka wa kansa ne da abokansa, ya manta cewa masu kuɗin da yake nema su ajiye yawancinsu 'yan jam'iyyarmu ne.

Na san akwai wanda zai harare ni ya ce, mutanen 'Yankuzo da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, girman baƙi ne damuwarsu? A nan dariya takan tsaya mini. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, har mutane suka riƙa tafiya Funtuwa don su kira 'yan'uwa, sun san waya ba kayan ado ba ce. Ta nan ake jin ko hanya ta yi kyau, ta nan ɗa da ke Legas ke turo kuɗin magani. Saƙon da ke cewa kada a biyo hanya yau bai kamata ya jira a nemo jika ba.

Kafin masu ƙera waya su haura 40 su gane da kansu, mu a jam'iyyance mun yanke shawarar wucin gadi. A sa yaro mai haƙuri ya saita wurare ukun nan, na waya da na WhatsApp da na burauza, a rana ɗaya, a gaban shaidu. Sannan a rubuta takarda a soke ta a bayan rigar wayar, ta yadda jika da mai caji da mai filashin za su gani: wanda ya rage rubutun nan, shi zai riƙa karanta wa mai ita saƙo har da na ƙarfe biyun dare. Sakataren jam'iyya ya riga ya rubuta daftarin, ya turo mana ta waya tun makon jiya. Har yanzu ba a samu wanda ya karanta ba.