Masu Halartar Canjin Ƙyaure

A ƙasar Amurka, inda ma'aikacin gidan waya yake bin mutane gida-gida, magidanci yakan kafa ɗan akwatin wasiƙu bisa sanda a bakin titi, idan ya yi tsatsa kuwa ya tumɓuke shi ya kafa sabo, ba wanda zai ce masa uffan. Mu nan, daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, da yake wasiƙa takan jira mai ita a gidan waya ko a aljihun direban tasha, abin da ke fuskantar hanya yana shaida halin mai gida shi ne ƙyauren zaure, kuma mustahili ne a cire na katako da gara ta cinye, a sa na ƙarfe, jama'a ba su hallara ba.

Mai riga kowa zuwa shi ne mai fatawa, wanda bai taɓa aza bulo bisa bulo ba, amma da zarar magini ya kwaɓa siminti sai ya goya hannu a baya, ya kanne ido ɗaya, ya yanke hukunci cewa aikin ya karkace. In aka gyara ya ce dā ya fi daidai, in aka ce ya kama a ɗaga, nan take ciwon bayansa ya tashi. Kusa da shi mai ta'aziyya yake tsaye, yana shafa tsohon katako yana cewa: "Allah sarki, Alhaji, ƙyauren nan ya ga mulkin Jori Hamani!" alhali shi ne ya yi shekaru yana ƙorafin kukansa da asuba.

Akwai kuma mai hisabi. Ya tambayi jika nawa aka ba mai walda, ya ja salati, ya rantse da an tsallaka Jibiya da rabin kuɗin ya isa, bai lissafa kuɗin mota ba balle na duwan.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne magaji, mutum mai kunya da ladabi, wanda ba ya cewa komai face "Allah ya sanya alheri", sai dai idonsa ba ya barin tsohon ƙyauren da aka jingine a gindin bedi, domin tun da ya ji labari ya riga ya auna ƙofar garken awakinsa. Kafin la'asar ya kafa hujja da maƙwabtaka, da zumuncin kakanni tun daga Tibiri, har ya turo yaro da amalanke.

Shi kansa mai gida ba a wanke shi ba, don kuwa da kamun hannu ya auna ƙofa, mai walda ya yanka da mita, ƙyaure ya zo ya fi gurbinsa da taƙi guda, aka shiga sassaƙe bangon zaure. Da aka gama ya sa mai fenti ya rubuta sunansa, da Alhajinsa, da lambar akwatin gidan waya da ya daina biya tun kafin Gazawa ta rabu da Agye a 2011.