Malamin Yaƙi Mai Foti-lif

Ranar Talata muna zaman makoki a Batsari, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya ɗaga hannu ke nan za a yi addu'a, sai wata murya ta taso daga aljihun ɗan ƙanwata. Wasu ƙartai ne suka haɗa baki suna jan sauti a hankali, kamar an rufe su a cikin rijiya an ce kada su yi ihu. Wani dattijo da ya zo daga Runka ya fara laluben takalmansa. Liman ya buɗe ido ɗaya. Shi kuwa gogan sai da ya bar kiɗan ya kai inda ganguna ke shigowa kafin ya latse wayar, don wai nan ne wurin daɗin.

Da muka keɓe na ce masa, kai wane irin iskanci ne wannan? Ya ce, "Kawu, ai kiɗan Halo ne." Ya faɗa da irin muryar da ake cewa ai Sarkin Ruma ne zai wuce.

Laifina ne da na ƙara tambaya. Nan take ya buɗe mini karatu: wasan ya fito a 2001, kamfanin Bungie ne ya ƙirƙira shi, Martin O'Donnell da Michael Salvatori suka tsara kiɗan, sun ɗauko salon rerawar limaman cocin Turai na zamanin da. A kashi na biyu, na 2004, aka gayyato wani makaɗin jita mai suna Steve Vai. Duk wannan daga bakin yaron da in ka aike shi sayen magi da gishiri sai ya dawo ya tambaye ka na biyun.

To, ga inda abin ya ɗaure mini kai. Yaron nan bai taɓa buga Halo ba. Ko sau ɗaya. Wasan na Xbox ne ko kwamfuta mai ƙarfi, gidan gem ɗin unguwarmu kuwa ƙwallo ake bugawa daga safe har janareta ya gaji. Abin da yake da shi littafi ne, foti-lif, irin wanda uwarsa ta saya masa don lissafi. A ciki ya rubuta dabarun yaƙin sararin samaniya da jan biro da shuɗi, har da ja-layi.

Na karɓa na duba. Babi na ɗaya: bindiga biyu kaɗai ake riƙewa, saboda haka a yi tunani kafin a yar da ɗaya. Babi na biyu: ƙaramar bindigar dodannin da ake yaƙa a wasan, a danne kunamarta har ta cika da koren wuta, a sakar wa babbansu, garkuwarsa ta tarwatse, sannan a neme shi a ka. Babi na uku: in shugaba ya faɗi, ƙananan sai su watse suna kururuwa. Wannan kam ba sai an je wata duniya ba, duk wanda ya ga ofishin jam'iyya washegarin faɗuwa zaɓe ya san shi. Akwai kuma babin wasu ƙattai masu sulke da ba a tunkararsu gaba da gaba, sai an zagaya ta bayansu. Ya zana hotonsu. Sun yi kama da buhun rogo mai ƙafa.

Kuma yana da almajirai. Bayan la'asar za ka gan su a gindin dalbejiya, su biyar ko shida, yana ja musu baƙi suna gyaɗa kai. Isnadinsa ingantacce ne: daga wani Bature a YouTube, shi kuma daga wani Baturen. Makon jiya wani ya zo daga Safana da nasa foti-lif ɗin, aka samu saɓanin malamai a kan wace bindiga ta fi dacewa a mataki mafi wuya. Mazhabar Safana ta ce a yi nesa a harba, mazhabar Batsari ta ce ragonci ne. Aka yi ta musu har kiran magariba, saura kaɗan a ba hamata iska, alhali a cikinsu babu wanda yatsansa ya taɓa hannun gem ɗin. Na san manomin da bai da gona, na san direban da bai da mota, amma ban taɓa ganin sarkin yaƙin da ko filin dagar bai da kuɗin shiga ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ba zan lamunta ba shi ne kallon darasin da ƙarfe ɗayan dare, a zaure, lasifika a buɗe. Ƙarar harbi ce fa ke tashi. A garin nan! Mu da dajin Rugu ke bayan ɗakinmu, mu da muka san bambancin tayar babur da abin da ba taya ba, ba ma bukatar a sayo mana ƙarar bindiga da data. Daren Alhamis ƙanwata ta goya jaririnta ta kai bakin katanga kafin a gane waya ce. A 2021, da gwamnati ta katse layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu, mutane mota suke shiga zuwa Katsina don kawai su ce wa ɗan'uwa muna nan da rai. Layin da muka yi ta roƙon Allah ya dawo, ga abin da ake yi da shi, da kuɗin ƙuli-ƙulin uwarsa.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma jarumin wasan ne, Master Chief. Sunan da jin sa sarauta ce, amma wa ya naɗa shi? An ce a duk wasannin ba ya yarda a ga fuskarsa, kullum kansa cikin kwalkwali. Nan ƙasar Ɗanwaire ce, mun san yadda barde yake: a gan shi, a san ubansa, maroƙi ya wasa shi, kalangu ya amsa. Wannan kuwa ya ceci duniya sau ba adadi, amma ko ɗan kirari ba a yi masa ba, sai gunjin mutanen rijiya. Da Shata na raye da ya ce a fara cire hular tukuna, ba ya yi wa tukunya waƙa. Sannan ta ina yake cin tuwo? In ƙeyarsa ta yi ƙaiƙayi fa? A zafin watan Afrilu, mutum ya yini cikin wannan kwano, ai ba sai dodanni sun wahalar da kansu ba.

Na jera wa yaron tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Bai yi dariya ba. Ya lashi yatsa, ya buɗe foti-lif, ya bi shafi-shafi har bango, sannan ya ɗago.

"Kawu, ba mu kai wannan babin ba. Amma in za ka sa mini data ta ɗari biyar, gobe da safe zan faɗa maka."