Malamin Hamada da Tayoyinsa Biyar

Shekara goma sha tara ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Bakori, kuma duk cikin darussan babu wanda nake ji da shi kamar na hamada. In na zo kansa har hula nake turowa gaban goshi. In zana tudun rairayi a allo, gefe ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, in ja kibiya in nuna ta inda iska ke bugowa, in faɗa wa yara cewa Sahara ta kai murabba'in kilomita miliyan 9. In gargaɗe su cewa tana nan tafe, tunda ga shi tun 2007 ƙasashen Afirka suka ɗauri aniyar tare ta da katangar itatuwa, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa a Najeriya. Sai wata rana a 2021 wani yaro a layin baya, irin waɗanda ba sa buɗe baki sai sun shirya ɓarna, ya ɗaga hannu.

"Malam, kai ka taɓa ganin ta?"

Na ce masa ya zauna, tambayar ba ta cikin manhaja. Amma ta bi ni har gida. Iyakar arewar da na taɓa yi ɗaurin aure ne a Daura, shi ma barci na yi a mota. Mu nan ƙasar masara ce da auduga da waken soya, ruwan da muke samu a shekara yakan haura milimita 1,000, rairayin da na sani kuwa shi ne wanda tifa ke juyewa a ƙofar mai gini.

A daren na yanke shawarar zuwa in ga hamada da idona. Akwai gandun dajin ƙasa na Kamuku ta wajen Birnin Gwari, amma a lokacin ko mai neman suna ba ya tunkarar wannan hanya. Yankari kowa ya je, an yi wanka a Wikki, gwaggon biri ya ƙwace wa mutane burodi, kuma babu rairayi. Abin da nake so yana Yobe. Gandun Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, kashi uku ne: Chingurmi-Duguma a Borno, fadamun Bade da Nguru, sai dausayin Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari, inda tuddan rairayi na gaske suke, irin na allona. Na sayi littafin rubutu mai falle 80, na rubuta a bangonsa da manyan baƙaƙe: TAFIYAR KWANA BIYAR.

Sai aka ɗauke layukan waya. A watan Satumba na shekarar, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi. Mai hankali da ya jingine maganar. Ni kuwa duk Asabar sai in hau mota zuwa Zariya, wai bincike. In sami benci a wajen mai shayi, in yi ta kallon Turawan Ostareliya da Amurka suna keta sahara da motoci masu jan ƙafa huɗu, ina kwafewa a littafi. A can na haɗu da bidiyon da ya kashe ni. Wani jibgegen Bature mai jan wuya ya durƙusa gaban motarsa yana bayani: da ka iso rairayi, rage iskar taya, sai ta baje kamar tafin raƙumi, ba za ta nutse ba. Na ce Allahu akbar, ilimi kogi ne. Bidiyon minti goma sha huɗu ne. A minti na bakwai datata ta ƙare. Na duba abin da na rubuta, na ga ai an riga an faɗi muhimmin, saura surutu ne.

Kayan tafiya kuwa sai da suka cinye falle goma sha ɗaya. Jarkar ruwa shida, garin kwaki rabin buhu, ƙuli-ƙuli, dambun nama, igiya, shebur, tocila biyu, kamfas na makaranta, tabaron hangen nesa na aro, da taswira da na yi wa jan biro a duk inda za mu tsaya. Uwargida ta tsaya bakin ƙofa tana kallon tulin kayan a tsakar gida.

"Malam, su mutanen can ba su cin abinci ne?"

Na ce mata ba za ta gane ba, hamada ce. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya, a gaishe da hamada.

Saura fetur. Gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka tun ƙarshen Agusta, don a toshe wa mutanen daji hanya. Ni kuma littafina ya ce lita 100 ta ajiya. Saboda haka sai in cika tankin tsohuwar Golf ɗina a kan naira 165 lita, in dawo gida, in kulle ƙofa, in zura tiyo in zuƙa da baki. Sau biyu ina haɗiyewa. Kwana uku in na yi gyatsa yara na matsawa daga kusa da murhu.

Mu uku muka tashi a hutun Disamba. Akwai ɗan yayata, yaro mai biyayya, sai dai daga baya na gane ita ma biyayya tana son a yi mata shinge. Akwai kuma abokina mai sayar da taki, wanda ya biyo mu don ya ji farashin riɗi da wake a kasuwannin gabas, ba don rairayi ba. Jadawali ya ce tashi ƙarfe 6:10. Mun tashi 6:10 daidai, na yi wa layin alamar maki.

Wannan ita ce alamar maki ta ƙarshe a littafin.

Bayan Malumfashi, kafin mu shiga ƙasar Kano, aka tsayar da mu a shingen bincike. Aka ce a buɗe but. Sai a lokacin, ina tsaye ina kallon kayana da idon wani, na ga abin da na haɗa: jarkar fetur huɗu, garin da zai ciyar da mutum ashirin, igiya, tocila, tabaron hangen nesa, da taswira mai jan zane. In da ni ne mai bindigar, da ban ma tsaya tambaya ba. Aka ce ina za mu. Na ce kallon rairayi. Ban taɓa jin gaskiya ta yi kama da ƙarya irin na ranar ba. Muka zauna gindin bishiya awa biyu da rabi, abokina yana ta salati yana tuna mini 'ya'yansa tara. Abin da ya cece mu wani matashi ne cikin jami'an da ya zo karɓar aiki, ya dube ni, ya rusuna.

"Malam, ina wuni. Ba ka gane ni ba? Kai ka koya mana hamada."

Ya yi wa manyansa bayani cewa ya san ni, ba mugu ba ne, haka nake. Ban san ko yabo ba ne. Man dai a nan muka rabu da shi, a shagon wani ɗan'uwan abokina, kuma da za mu tafi yaron ya sunkuyo ta taga ya ce a hankali, don kada a ji, "Malam, akwai gidajen mai fa har Gashuwa."

Muka bi ta Gwarzo muka kwana Kano, inda jadawali ya ba mu minti arba'in kacal. Washegari Gujungu, Hadeja, muka ci kifi, sai Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe tun 1930. A hanya ƙasa ta fara sauya kama. Dogayen itatuwanmu suka ja baya, sai ƙaya da aduwa da goriba, gonakin gero a maimakon masara. Na yi ta yi wa mutanen motar lacca har abokina ya yi barcin ƙarya.

Rana ta uku ta tsuntsaye ce. Dagona, kusa da Gashuwa, nan ne tsuntsayen Turai ke sauka su yi hunturu bayan sun ƙetare Sahara, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo kallonsu a 1989. Masu kallon tsuntsu da asuba suke fita ko da la'asar sakaliya. Jadawalina, da ya riga ya zame da rabin yini, ya sauke mu bakin ruwa da tsakar rana. Na ɗaga tabaron aro na daɗe ina dubawa, can na hango wani fari yana taku da ƙasaita. Na ce wa ɗan yayata ya rubuta, baƙo daga Turai. Ya karɓi tabaron ya duba.

"Kawu, balbela ce."

Irin wadda ke bin shanun huɗa a bayan gidanmu.

A Gashuwa abokina ya ce mu tambayi direbobin tasha yadda hanyar take, matambayi ba ya ɓata. Na daki littafin da tafin hannu na ce duk tambayar da za a yi an riga an yi ta a Zariya. Muka kama hanyar Yusufari da sassafe, hazo ya rufe gabas. Muna cikin tafiya sai ga shi: rairayi, ja-ja, lallausa, kwance a kan hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Gabana ya faɗi don murna. Na taka burki, na fito, na gyara hula.

"An iso. Sace iskar tayoyin nan."

"Duka, Kawu?"

"Duka."

Na nuna masa yadda ake danna bakin taya da tsinken ashana, ni kuma na hau gefen hanya ina ɗaukar hoto. Baturen ya faɗi adadin da ake ragewa, amma da wani ɗan ma'auni yake aunawa, ni kuma ba ni da shi, don haka na bar wa ido. Idon ɗan yayata kuwa bai ga dalilin tsayawa ba sai da tsit ta yi. Muka shiga, Golf ta ja ciki kamar agwagwa, ta haye rairayin. Taku talatin ne. Bayansa kwalta ce baƙa wul, shimfiɗe har iyakar gani. Iska ce kawai ta watso ƙasa kan titi da dare. Muna tsaye wata Sharon cike da fasinja da akuya a sama ta zo ta wuce ta kai, ko giya direban bai sauya ba.

A nan ne na fahimci abin da ke cikin minti bakwai na ƙarshe. Famfo. Falle goma sha ɗaya na kaya, har da allurar ɗinke jarka, babu famfo. Na ce to, a sauko da safaya, ko ɗaya mu samu a kai wa mai faci sauran bi da bi. Yaron ya sunkuyar da kai.

"Kawu, ka ce duka."

Ashe ya buɗe but, ya sauke jarkoki shida da rabin buhun gari, ya zaro ta, ya sace, ya mayar da komai yadda yake. Don ladabi.

Abokina bai ce komai ba. Ya shimfiɗa dardumar sallarsa a inuwar motar, ya buɗe dambun nama, ya fara ci kamar mai zaman makoki.

Wanda ya tsaya mana wani dattijo ne da amalanken shanu, ɗauke da buhunan kanwa. Ita wannan kanwar da muke sa wa a kunu, muke ba dabbobi, daga irin waɗannan dausayoyi ake kankaro ta, abin da na sha faɗa a aji. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa kowace taya, ya tambaya da Hausarsa mai gardin Barebari ko ƙusa muka taka. Na ce a'a. Ya ce to ɓarayi ne? Na ce a'a, Baba, ni ne, dabara ce ta shiga rairayi. Ya dubi kwalta, ya dube ni, ya dubi kwalta.

"Ɗana, aikin me kake yi?"

Abokina ya amsa da cikakken baki, "Malamin hamada ne."

Muka ciro taya biyu muka ɗora wa motar duwatsu, na hau kan kanwa rungume da su, shanu suka ja mu zuwa gari. Sawu biyu aka yi. Mai facin bai karɓi kuɗin ta biyar ba, ya ce labarin ya ishe shi. Shi ne kuma ya gaya mini abin da kowane yaro a tashar Gashuwa zai gaya mini kyauta: ƙaramar mota ba ta zuwa inda nake so, ko da iska ko babu. Akwai tsofaffin Land Cruiser da ke jigilar mutanen ƙauyuka, a biya kuɗin mota a hau.

Haka na isa Tulo-Tulo, a bayan akori-kura, matse tsakanin wata tsohuwa da buhun gero, hannuna ɗaya riƙe da ƙarfe ɗaya riƙe da hula. Kuma wallahi yaron layin baya ya yi gaskiya da bai yarda da allona ba. Tudun ya fi zanena tsawo, ya fi shi shiru. Ka taka sau biyu ya mayar da kai sau ɗaya. Samansa da ɗumi, ka tura yatsu ciki ka ji sanyi kamar randa. Daga ƙoli sai ga kwari a ƙasa kore shar, dabino da goriba, da farin kanwa a bakin ruwa. Yaran garin suka wuce ni a guje ba takalmi, ni ina rarrafe ina haki da kamfas a wuya. Na cika robar ruwa da rairayin ƙolin, na ɗaure bakinta da leda, don in dire ta a gaban yaron nan ranar da aka koma makaranta.

Kwana biyar suka zama takwas. Na iso gida da dare, na ajiye robar a kan taga, na kwanta kamar gawa. Ban farka ba sai da hantsi, ƙamshi ya tashe ni. Na fito na tarar da uwargida a gaban kasko tana juya gyaɗa, robar a gefenta, wayam.

Na tsaya. Na ce, "Kin san daga ina wannan ƙasar ta fito?"

Ta ɗebo da ludayi ta duba, ta karkaɗe.

"Ko daga ina ne, ta cika laushi, Malam, duk ta manne wa gyaɗar. In za ka fita ka turo yaro ya ɗebo mini ta rafi."