Kafin Chelsea Ta San Kofi

Ku samarin Koki masu cika gidan kallo duk daren Talata da Laraba, labarinku ya iso mini. Wai kun ce kakanninku ba abin da suka iya sai langa da ɗinkin buhun gyaɗa, ƙwallo kuwa sai da dish ya zo aka santa a Kano. To ku gyara zama.

A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna. Shekara takwas 'yan Legas na miƙa wa juna shi, yau ma'aikatan jirgin ruwa, gobe na reluwe, sai ka ce gadon ubansu. A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe, kofin ya bar Legas karon farko. Lokacin Alhaji Alhassan Dantata yana nan unguwarku da ransa, dalar gyaɗa na tsaye. Kai mai shuɗiyar riga da ke taɓe baki, Chelsea ɗinka ba ta taɓa cin gasar lig ta Ingila ba sai a 1955. Kai kuma ɗan Madrid, kofin Turai da kake mana gori da shi ko ƙirƙiro shi ba a yi ba tukuna.

Na san abin da za ku ce: "Baba, ai wannan tamola ce, ba ƙwallo ba." Madalla. A 1949 tawagar Najeriya ta shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, akasarinsu ba takalmi a ƙafa, suka zuba wa ƙungiyar Marine 5 da 2 a wasan farko, da Teslim Balogun a cikinsu, wanda ake wa laƙabi da tsawa saboda ƙarfin bugunsa. Ku fa? Ƙaya ɗaya ta soki mutum a fili, sai ya kwana uku yana ɗingishi yana neman a yi masa sannu.

Makarantu na cikin manyan ƙofofin da wasan ya shigo ta cikinsu. Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, tun 1927 take. Kwalejin Katsina ta koma Kaduna a 1938, ta zauna Zariya a 1949, ita ce Barewa. A irin waɗannan makarantun kwana, da la'asar sakaliya kowa sai ya fita fili, gida da gida ana karawa, ko kana so ko ba ka so. Ba a san "yau jikina ba daɗi" ba. Sardauna kansa gwanin fives ne tun yana Katsina, wasan da ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ku je ku gwada, mu ga hannun da ya saba da shafa waya.

Yanzu wani zai ɗaga murya daga bencin baya: to bayan 1953 ɗin fa? E, an daɗe, ba na musu. Sai a 2019 Pillars ta sake kawo kofin Kano, bayan ta doke Niger Tornadoes da bugun fenariti a Kaduna. Shekara 66 ke nan. Amma wa za a tuhuma? Tsofaffin sun kawo nasu. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka tare a benci da rigar Arsenal, ana musu kan albashin ɗan wasan da bai san ko ta wace ƙofa ake shiga kasuwar Kurmi ba.