Masu Farautar Ƙwaro a Tawa

A 1947 aka ciro ƙwaro na gaske daga cikin kwamfutar Mark II a jami'ar Harvard, aka manna shi a littafin aiki. A Tawa, daga ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani har samarin fada, kowa da salon farautar nasa ƙwaron, wato matsalar kwamfuta.

Akwai Malam Kashe-ka-kunna. Kowace cuta maganinta ɗaya. In kashewa uku ba ta yi ba, sai ya ce ƙurar hunturu ce ta shiga injin.

Akwai boka. Ya kwaso umarni daga intanet, bai karanta ba, ya ɗora masa sudo ya buga. Fayil ya ƙi buɗuwa, sai chmod 777, wato ƙofar rumbu ta cije, ya cire ta gaba ɗaya. Ranar da ya haɗu da rm -rf, sai dai a je masa gaisuwa.

Akwai manomi, mai shuka print kamar gero: "nan 1", "nan 2", "wayyo Allah". Dabararsa tana ci, amma ba ya yin noma bayan shuka. Ranar nuna aiki gaban malamai, "wayyo Allah" ke fara fitowa.

Akwai mai tara kaya: projet_final, final2, final_na_gaske. Tun 2005 Git yake duniya, shi bai yarda ba. Da yana git commit, da git diff ya nuna masa abin da ya taɓa jiya, git bisect kuma ya tsamo ɓarnar cikin ajiya 1000 da gwaji kamar 10.

Akwai mai ɗora laifi: "Abokina, rezo ne." Rezon da ya kira yayansa a Abijan da shi yanzun nan! Da ya buga ping ya huta, da df -h ya ga faifan ne ya cika da finafinai.

Na ƙarshe ba ya hayaniya. Python ta yi kuka, sai ya fara da layin ƙarshe na saƙon kuskuren, don a nan sunan cutar yake. Ya bi sawu da grep -rn, ya canza abu ɗaya, ya gwada. In ta faskara, ya zayyana wa butar shayi matsalar layi-layi, kafin a zuba na biyu ya gano da bakinsa.

Mai karatu, kafin ka taɓa komai, karanta saƙon.