Sarkin Kyauta na Dosara da Maganin Bairos

Taubashina ɗan mace, labari ya iso mini wai ka hana mutanen gida sakat. Kamfanin layinka ya turo saƙo, an ba ka manhajar kashe bairos kyauta, kana ta bin mutane da shawara, har mai shayi bai tsira ba: a saka ko kar a saka? Kai da ko ƙwayar ashana aka ce kyauta ce sai ka shiga layi, yau kai ne da dogon nazari? Ikon Allah. To gyara zama, ubangidanka zai karanta maka.

Wa ya ce maka kamfanin ne ya turo? 'Yan damfara ma sun iya ɗora sunan kamfani a kan saƙo. In an ce ka latsa wani linki ka sauke manhajar kai tsaye, ba ta Play Store ba, to bairos ɗin ne da kansa ya sanyo rigar likita. In kuwa da gaske na kamfanin ne, karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa, waɗanda ka saba tsallakewa. Sau tari kyautar ta mako ɗaya ce ko wata ɗaya, daga nan sai a riƙa zarar kuɗi a katinka ba sallama. Ka sa na ɗari biyu da magariba, kafin asuba ya zama labari, ka tashi kana zargin yaran gida. Tun 2016 hukumar NCC ta ba da lambar 2442, ka tura STOP ka huta da saƙonnin talla. Na san ba za ka tura ba, don kana tsoron wata kyautar ta wuce ka.

Su ma manyan masu maganin ba don Allah suke bayarwa ba. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5, saboda yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke leƙawa, alhali ya ce kare su yake yi. Kai dai hankalinka kwance ta nan. Duk wanda ya sayi bayananka ya yi asara, ba abin da zai samu sai bidiyon dambe da farashin taki.

Abin dariyar ma, wayar taka da maganinta ta zo. Tun 2017 Google ya sa Play Protect a wayoyin Android, yana duba manhajoji ba ko sisi. Kwamfutar ɗanka da ke karatu a Abdu Gusau ta Mafara ma akwai Defender a cikin Windows ɗinta. Ka ɗora wani a kan wannan 'yar wayar da ko hoto za ta buɗe sai ta yi nishi, sai batir ya riƙa mutuwa kafin la'asar, mai caji ya samu kwastoma na dindindin. Garin neman ƙiba ka samo rama.

Ni na san ƙofar da ciwon wayarka ke shigowa. Duk ranar Talata sai ka miƙa memorinka ga mai tura fina-finai a kasuwar Mafara, a loda maka duk abin da ke cikin kwamfutarsa. Kowa ya buɗe Xender a majalisa kai ne na farkon karɓa. Ga wannan WhatsApp ɗin na bayan fage da ka saka don ka ga saƙon da aka goge, tsabar son jin ƙwaƙwaf. Ka tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara, mutane na tafiya har Sakkwato ko Funtuwa don su kira 'yan uwa? Babu sabis, babu intanet, amma a lokacin ne ka cika wayarka da tarkacen manhajojin da ba ka san ubansu ba, ana dawo da sabis tallace-tallace suka rufe ta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bakinka. Wani ya kira da murya mai daɗi, ya ce daga banki ne, an toshe BVN ɗinka, ka karanto lambar da aka turo yanzu. Kai kuwa sai ka karanta masa dalla-dalla, ka maimaita don kar ya yi kuskure, ka ce ya gaida oga. Wace manhaja ce za ta toshe wannan?

In ka nace sai ka saka, ka nemo ta a Play Store, ka duba sunan kamfanin, ka tabbata ba za a taɓa katinka ba. Ni dai da zan yanke maka, bar ta. Kawo wayar ranar Talata in share maka tarkacen. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka danne, kuma a hannu nake so, ba tiransifa ba. Ban yarda da wayar nan taka ba.