Masu Neman Ɗumi a Cikin Jirgin Ruwa

A Ingila akwai mutanen da ba su da ɗaki a kan tudu, gidansu jirgin ruwa ne. Suna zaune a kan tsofaffin hanyoyin ruwan da aka haƙa tun zamanin da doki ke jan jirgin dakon kwal, hanyoyin da tsawonsu ya kai mil 2,000, waɗanda hukumar Canal & River Trust ke kula da su tun 2012. Jirgin siriri ne, faɗinsa bai cika ƙafa bakwai ba, jikinsa kuma ƙarfe. Tsadar haya a Landan ta koro matasa da yawa cikinsa. Lokacin zafi kowa na sha'awarsu, ana ɗaukar su hoto suna shan shayi a kan rufi. Da Nuwamba ta kama, ƙarfen nan ya ɗauki sanyin ruwa, sai tambaya ɗaya ta mamaye bakin gaɓa: wace hita za a saka? Mutum kan rantse girman jirginsa ya duba kafin ya zaɓa. Ƙarya yake yi, halinsa ya bi.

Kafin ka ga Sarkin Murhu za ka ga rufin jirginsa, wanda aka jibga wa itace da buhunan kwal har sai ya yi addu'a kafin ya wuce ƙarƙashin gada. Shi kansa ba ya ɓuya: toka a gira, bakin hannun riga a ƙone. Murhunsa na baƙin ƙarfe ne, galibi Morsø ɗan ƙasar Denmak mai hoton kurege a gefe, kuma a wajensa wutar da ido bai gani ba ai ba wuta ba ce. Yana da hujja. Murhun ba ya neman batir, zafinsa busasshe ne, yana zuƙe laimar ɗaki ya fitar ta bututun hayaƙi. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, a jirgi mai tsawon ƙafa sittin, wanda ke zaune kusa da murhu singileti yake sawa, wanda ke kwance a can ƙurya kuwa da hula da safa. In ka yi ƙorafi sai ya nuna maka wata 'yar fanka a kan murhun, wadda zafin ƙarfen ke juya ta ba waya ba batir, ya tsare ka da bayaninta har shayinka ya huce. Babban abin alfaharinsa shi ne wutarsa ba ta mutu ba tun Oktoba. Kowane dare yakan durƙusa ya jera kwal, ya rage ƙofar iska, da asuba ya tono garwashi ja daga ƙarƙashin toka yana murmushi shi kaɗai. Da aka hana sayar da kwal mai hayaƙi don amfanin gida a Ingila a 2023, ya ɗauka da shi ake.

Abokin gabarsa shi ne Ɗan Jamus, wanda bai taɓa zuwa Jamus ba. Irinsa ma ɗarika biyu ne da ba sa ga maciji: mabiya Eberspächer, kamfanin garin Esslingen da aka kafa a 1865, da mabiya Webasto, wanda aka kafa a 1901. Na'urar tasu 'yar ƙarama ce, tana ɓuya a cikin akwatin bayan jirgi. Famfo yana ɗigo dizal cikin wani ɗan ɗakin ƙonewa, fulogi ya yi ja ya kunna shi, fanka ta huro iska ta jikin ƙarfen da ya yi zafi zuwa cikin ɗaki, hayaƙin kuma ya bi salansa ya fita waje. Ba toka, ba dakon itace. Ɗan Jamus yana cikin jirgin ƙasa zai latsa waya, kafin ya iso ɗaki ya yi ɗumi, kuma sai ya tabbatar duk wanda ke zaune kusa da shi ya ga lokacin da ya latsa.

Kuɗin da ya kashe ya haura fam dubu, shi ya sa kunnensa ba ya jin abin da maƙwabta ke ji. Idan na'urar za ta tashi sai ta yi gurnanin jirgin sama, famfon kuma ya kwana yana tak, tak, tak. Ka ce masa, "Maƙwabci, jiya hitarka ta hana mu barci," sai ya buɗe ido ya ce, "Tawa? Ai tawa ba ta da ƙara." Ramuwar maƙwabta tana zuwa ne da ƙarfe ukun dare. Fulogin nan yana jan wuta sosai wajen tashi, ranar hunturu kuwa ba ta cika batir, to da wutar ta yi ƙasa sai na'urar ta kashe kanta, ta bar masa wata lamba tana ƙyaftawa. In kuma ya saba barin ta a ƙaramin zafi don tattalin mai, baƙin hayaƙi ya daskare a cikinta, sai an kwance an kankare. Ka leƙa a wannan sa'a za ka same shi a rub da ciki, gajeren wando da babbar riga, tocila a baki, littafin bayani a hannu ɗaya, sukundireba a ɗayan, yana neman ma'anar lambar.

Malam Araha shi ba ya gaisuwa sai ya faɗi farashi. Irin na'urar Ɗan Jamus ce sak ya sayo, ƙirar Sin, a kan kimanin fam ɗari, kuma biyu ya saya don in ɗaya ta mutu a jefar. Littafin da ya zo da ita an rubuta shi da Turancin da Turawa ba sa ganewa. An ce araha ba ta ado, amma a gaskiya da yawansu suna aiki lafiya shekara da shekaru, kuma ba abin da ke ƙona ran Ɗan Jamus kamar wannan. Matsalar tana cikin kwalin. Kayan haɗin da ke ciki na mota ne, salansar mota kuwa tana da ɗan rami a ƙasa don ruwa ya ɗiga a titi. A ƙarƙashin mota ramin nan ba komai ba ne. A cikin jirgi, ɗakin kwananka yake hura wa hayaƙi. Nan dariya ke tsayawa, kuma ba a kan mai araha kaɗai ba. A Disamba 2019 mutum biyu suka rasu a cikin jirgi mai suna Diversion a kogin Ouse, a birnin York. Hukumar binciken haɗarin jiragen ruwa ta Birtaniya ta gano salansar hitarsu ba ta jirgin ruwa ba ce, mahaɗinta yana yoyon hayaƙi, kuma babu ƙararrawar gargaɗi a jirgin.

Akwai kuma Dattijon Teku, mai gemu da lofe, wanda ke kallon duk waɗannan a matsayin yara. Nasa murhun Refleks ne na Denmak, ko Dickinson na Kanada, irin na masunta: dizal yana gangarowa da kansa daga tanki yana ɗiga cikin kasko, ba waya ko ɗaya. Kunna shi sai da ladabi da haƙuri da 'yar takarda mai wuta. Idan iska ta bugo ta saman bututu ta mayar da hayaƙi ciki, ya wayi gari da baƙin hanci, zai ce maka laifin iska ne.

Mai zama a tasha kuwa, wanda ya ja waya daga gaɓa ya jona hitar lantarki, ya huta da duk wannan. Sai dai in matarsa ta jona butar shayi wuta ta yanke, kuma jirginsa ya manta yadda ake tafiya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Masanin Kimiyya. Ya gano cewa duk masu sayen hita wawaye ne, tunda ga murhun girki na gas a zaune. Yakan kifa tukunyar shuka fure a kan wutar, ko a kan 'yan kyandirori huɗu, ya ce tukunyar tana ninka zafi. Ba ta ninka komai. Ƙaramin kyandir irin wannan guda ɗaya zafinsa bai wuce wat arba'in ba, ko tukunyar zinariya ka kifa masa. Gas ɗin kuma, duk kilo ɗaya da ya ƙone sai ya saki ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iskar ɗaki. Ruwan ya hau rufin ƙarfe mai sanyi, ya taru, ya riƙa ɗiga masa a goshi, katifa ta yi fumfuna, shi kuma yana yawo da manne yana neman inda jirgi ke yoyo. Ga shi gas ya fi iska nauyi, in ya zurare sai ya kwanta a gindin jirgi, inda babu ƙofar da zai fita, yana jiran ashana. A Janairu 2014, a tashar Whitby, masunta biyu suka bar wutar murhun girki a kunne don su ji ɗumi a jirgin kamun kifi mai suna Eshcol, suka kwanta, ba su tashi ba.

Jarumi bai sayi komai ba, domin shi ba ya jin sanyi. Yana faɗin haka ne cikin rigunan sanyi uku, tururi na fita daga bakinsa a tsakiyar ɗakinsa. Yana da robar ruwan zafi da kare, kuma karen ne ya fi shi gaskiya, don kullum yana ƙofar Sarkin Murhu. Da magariba Jarumi kan zo neman karen, a ce ya shigo, ya ce a'a yana sauri, ya zauna har goman dare.

Ɗan'uwansa Mai Nazari shi ya yarda yana jin sanyi, kuma zai saya, bincike kawai yake ƙarasawa. Ya auna jirgin, ya lissafa kilowat, ya san wadda ke shan kwatan lita a awa da wadda ba ta kai ba. Ya tambayi mutum goma ya sami amsa goma sha biyu. Duk ranar da ya kusa yanke shawara sai wani ya ba shi labarin wani da irin hitar ta ba kunya, ya koma farko. Yana cikin haka Afrilu za ta zo, ya ce to, a bari sai baɗi, kaya ma sun fi sauƙi da zafi.

Na ƙarshe ba shi da ɗarika, ana samun sa a cikin kowannensu: Mai Toshe Kafa. Kowane jirgi yana da ramukan shan iska a rufi da ƙasan ƙofa, shi kuma yana ganin ta nan kuɗinsa ke fita, sai ya cusa musu tsohuwar safa. Duk wanda ya san labarin kaskon garwashi a rufaffen ɗaki da hunturu, ko janareta a cikin falo, ya san wannan mutumin ba sai an fassara masa ba. Gubar da wuta ke fitarwa in iska ta yi mata kaɗan ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ya ce mura ce, ya ƙara jan bargo. Tun Afrilu 2019 dokar lafiyar jirage a hanyoyin ruwan Birtaniya ta wajabta saka ƙararrawar da ke jin wannan guba, ana kuma duba jirgi duk shekara huɗu. Mai Toshe Kafa ya saka, mai dubawa ya gani ya sa hannu. Da ta yi kuka sau biyu cikin dare, sai ya yanke hukuncin ta lalace, ya cire batirin ya sa a rimot.

Ni dai zan iya kwana a jirgin Sarkin Murhu, zan jure tak-tak ɗin Ɗan Jamus, har na Malam Araha in ƙwararre ya duba salansarsa. Kai kuma mai karatu, in tafiya ta kai ka aka gayyace ka kwana a jirgi, kada ka tambayi sunan hitar. Latsa ƙararrawar ka ji ta yi kuka, ka ɗaga kai ka dubi ramin iska, in ka ga safa ka zare ta kafin ka zauna.